Lamba shida da lamba tara

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san garejin Konni zai gane ni da ƙarya ɗaya. Don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da rubutun, aji biyu na yi a lakwal mushe, wato malaminmu, ya ce in tafi in huta, shi ma ya huta.

Ni tsohon direban kamyo ne, babbar motar kaya, na haura saba'in. Farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in, lokacin fari, gero ya ƙi, sai anka ce wani kamfanin aikin hanya ya kafa zango kusa da Malbaza yana neman waɗanda zai koya ma tuƙi. Ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, munka taka da ƙafa daga ƙauyenmu. Can munka iske wani anasara da anka ce shi likitan tunani ne, awon kai yake yi. Ba su rubuta sunan kowa ba, kwali sunka manna muna ga riga da lamba. Ni shida, ƙanena tara.

Awon, katakai ne ƙanana masu ja da fari, a jera su yadda hoto ya nuna, anasara na riƙe da agogo. Ƙanena ya gama tun kafin mutumin ya gyara zama, har ya ɗago ya dube shi. Ni kuwa da abin ya gagare ni sai na gina rumbu da su. Anka nuna min takarda da tawada ta ɓata, me ka gani, na ce surukar tafinta ce ta tashi daga barci. Tafinta ya yi dariya, anasara bai yi ba, ya dai yi rubutu.

Da azahar muna alwala na lura da abu guda, shi kaɗai lakwal ta bar min: shida in ta juya tara ce. Na juya tawa. Na ce ma ƙanena kai Malam, an manna ma taka a kife, zo in gyara ma. Har godiya ya yi min. La'asar anka kira tara, na shiga mota. Ƙanena kuwa tafinta ya ce mishi anasara ya auna, kanshi ba shi da sauri, ya koma gona.

Ya koma. Garinmu har yau Shida ake ce mishi, jikokinshi sun ɗauka sunan yanka ne. Mutumin da ke gyara rediyon maƙwabta da tsinke ya daina taɓa komai mai waya. In anka nemi ra'ayinshi a taron gida sai ya ce a tambayi Yaya, shi ne anka auna. Ni kuma shekara ashirin da takwas ina tuƙi, Konni, Tawa, Sakkwato, ko akuya ban taɓa takewa ba. Na yi mishi rufin kwano, na kai shi Makka, na ce ma raina an biya. Ba a biya ba.

Abin da ya tayar da maganar, jikarshi ce, tana karatun sikoloji a Yamai. Ta zo hutu, gardama ta haɗa su da ɗana wanda ke aikin asibiti. Shi ya ce wannan ba kimiyya ba ce, bokanci ne da anka ɗaura ma karabat a wuya, abin da ba a gani a jini ko a hoto ba a auna shi. Ita ta ce ana gwaji, a sake, a kwatanta mutane da yawa, in an yi kuskure a gyara, kamar kowace kimiyya. Ina gefe ina zuga su, ina ce mata amarya ki auna ni in kin isa. Sai ƙanena, wanda bai cika magana ba, ya ce a bar yarinya, gaskiyarta. Kimiyya ce, shi ne shaida. Mutum ya gan shi rabin yini ya faɗi abin da zai zama, kuma haka ya zama.

Tun ranar tuwo ba ya min daɗi. Na juya abin ta kowane gefe na gaji. Awon ya ce ƙanena mai sauri ne, gaskiya ne. Ya ce ni shashasha ne, wannan ko matata za ta sa hannu. Amma shashashan ya yi tuƙin lafiya, mai saurin kuma kalma ɗaya ta tafinta ta zaunar da shi shekara hamsin. To me anka auna?

Yanzu yarinyar ta ce ranar Juma'a za ta ɗauki muryarmu mu biyu, labarin awon nan take so ta sa cikin takardar gama karatunta. Ƙanena ya yi murna, har ya sa an wanke babbar rigarshi.

Masu ilimi na gidan nan, ku gaya min, abin nan kimiyya ne ko a'a? Ba zan ɓoye ba, so nake ku ce a'a, don in caca ce to sa'a kawai na sata. In kuwa kimiyya ce, rayuwarshi na tuƙa. Kuma in faɗa mishi kafin Juma'a, ko in zauna gaban yarinya in ƙara ƙarya ɗaya, wadda wannan karon za a rubuta? Tsorona ba fushinshi ba ne. Tsorona in gama bayani ya dube ni ya ce, to Yaya, kai me ka gani ya kamata in yi.