Littafin Shanu Naki Ne, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta rugar Wurma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne a inda jama'a za su karanta, domin a gaban jama'a na yi miki laifin.

Jikarki Ummi, autata da na sa wa sunanki, ta zama Dakta. Fanninta ƙirƙirarriyar basira, wato koya wa kwamfuta gane abu yadda mutum ke ganewa. Ita da abokan bincikenta na Kenya da Indiya sun koya wa wayar hannu duba saniya. Makiyayi ya ɗauki hoto, waya ta ce masa ya ware wannan, ya nemo malamin dabbobi. Masana sai ambaton aikin suke yi a rubuce-rubucensu. Tushensa kuwa wani tsohon littafi ne mai baƙin bango da ta tsinta a akwatina.

Kin san littafin. Shi nake zuwa da shi gida lokacin da aka ɗauke ni ƙaramin malamin dabbobi a Dutsin-Ma, bayan samun 'yancin kai da kaɗan. Ni ɗan fari ne, ba kya kiran sunana, ba kya haɗa ido da ni. Sai ki tsaya bakin garke da safe kina yi wa ƙanwata Dije bayani da ƙarfi, alhali Dije ba ta tambaye ki komai ba. Saniyar da ta buɗa ƙafafun gaba ta miƙa wuya, ciwon huhu ne. Wadda hancinta ya bushe ta daina tuƙa, a raba ta da sauran tun da wuri. Ni kuma ina bayan bukka ina rubutawa, wai a zatona wayo nake yi miki.

Kikan ce wa Dije, “Saniya ba ta ɓoye ciwo, mai ita ne ka gaggawa.”

Sai ranar kasuwar Kurfi da muka zo allurar shanu da Baturen dabbobi. Na ware shanu uku marasa lafiya da ido kawai, ya duba ya tarar haka ne. Ya tambayi inda na koya, na miƙa masa littafin na ce nazarina ne. Yana cikin yabona sai ga ki da ƙwaryar nono a ka. Kika sauke ta kusa da ni, kina satar kallon kakin da ke jikina.

Da Hausa ya tambaye ni ko wace ce. Da Hausa na ce masa mai tallar nono ce.

Inna, ba suɓutar baki ba ce. Na san kunyar ɗan fari ba za ta bar ki ki ce “ɗana ne” ba, da ita na fake. Kika juya wurin wata mata kika ce, “A ba malamin ga nono, ya sha rana.” Kika ɗauki ƙwaryarki. Har kika bar duniya ba ki tayar da maganar ba. Ni kuwa littafin ya jawo mini ƙarin girma, na karɓa ban ko ƙifta ido ba.

Makon jiya Ummi ta kawo mini takardar binciken da za su buga. Ga sunana a jere da na manyan masana, wai ni ne mai ilimin asali. Na haura tamanin ban taɓa faɗa wa kowa gaskiyar ba. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, har nonon da na sha. Ta jawo kwamfutarta ta goge sunana, ta ce in faɗi wanda za a sa.

Ta san sunan, ai nata ne. So take ta ji shi daga bakina. Ni kuwa ban taɓa furta shi ba, ita ma Ummi nake ce mata don in kauce masa. Hawaye suka riga ni, amma na faɗa.

Ki yafe mini, Innata. Baturen ya daɗe da tafiya, amma tambayarsa tana nan, ga amsarta: ba mai tallar nono ba ce. Uwata ce, Hajara ta Wurma, kuma littafin nata ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk saniyar da ta tsira ta dalilin aikin nan ta zama lada a gare ki. Amin.

Ɗanki na fari,
Sule