Hanyar Bayan Rafi

Zuwa ga 'yata Kesar,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tela Mangilal ne ke rubuta mini, ni nawa dangwale ne.

Na ji a rediyo ofishinku zai soke dokar ɗaukar nakiya, wai ta tsufa. Ni ma na tsufa, ku haɗa da ni. Shekara talatin ina kai albarushi wurin fasa dutse a amalanken shanu, ƙafa ba takalmi, ina kaɗa ƙararrawa ta hanyar bayan rafi. Dokar nan ce kaɗai ta hana kayan ratsa unguwarmu, inda mata ke gasa gurasar roti a ƙofar gida. Ɗan kwangilar fasa dutsen har ya fara auna lungunmu, yana tsokanata wai in kawo shanuna su ja masa mota. Ki hana su.

Mahaifinki,
Ghisaram

*

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni mai tattara takardu ce, ba ni da ikon hana komai. Maigidanmu na ofis ya yi dariya, ya ce doka mai maganar kofaton shanu ba ta zamanin nan ba ce, dokar ƙasa baki ɗaya ta wadatar.

Amma na buɗe tsohon fayil ɗin. Mutum tara suka ƙone shekarar da aka kafa dokar, har da Kaka. Kullum kana ce mana baƙo ne ya yanke ta cikin gari da kayan. Baba, sunanka na gani.

'Yarka,
Kesar

*

Kesar,

Na gaishe ki. Mangilal ya karanta, ya kasa ɗaga kai, don yayarsa na cikin taran.

Ni ne. Rana ta yi zafi, shanu sun gaji, na ce sau ɗaya ba komai. Uwata ce ta fito da garwashi a kasko, wuta ta kama albarushin. Ki kai wa maigidan naku wannan takarda, ki ce wanda ya yi yana raye, ya zo ya tambaye ni abin da lungun nan ke ci. In kunyata za ta tsayar da su, a karanta a majalisa.

Ghisaram

*

Baba,

Gaisuwa. Na kai. Ya ce lokacin jin ra'ayi ya wuce. An soke dokar ranar Talata. Ban san me zan ce maka ba tukuna.

Kesar

*

Kesar,

Mangilal ya daina rubuta mini, mai shayi ne ya karɓa. Motar nakiya ta farko jibi za ta shigo. Na fitar da gadona na gindaya shi a bakin lungu. Kada ki zo.

Ki zauna lafiya.
Ghisaram