An Kira Uwar Wadda Ta Zo Ta Ɗaya, Ban Tashi Ba

Gwaggo Tasalla, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, domin abin da nake tsoro ya kusa faruwa. Ki sakaya sunana.

Ni matar aure ce a Gwandu, da 'ya'ya huɗu. Babbarsu mace ce, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. A gida 'Yar Inno muke ce mata, saboda kakarta, uwar mai gidana, Inno ake kiranta. Ni dai tun da na haife ta sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Kin san kunyar ɗan fari a wajenmu. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, ko tana jaririya in surukaina suka shigo ajiye ta nake yi kamar ta maƙwabta ce. Haka aka yi mini, domin ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata a Maruda har ta rasu ba ta ambaci sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba.

To, da damina iska ta yaye rufin wani aji a makarantarsu. Kwamitin iyaye da malamai suka ce a haɗa bikin gasar yara da gidauniyar gyaran rufin, rana guda. Gwaggo, in kina da yara a makaranta kin san wahalar irin wannan biki. Yau a ce a ɗinka riga kore, gobe a ce hula, jibi a ce kowace uwa ta kawo abin sayarwa. Ni zoɓo da waina na yi, na sha hayaƙi har idona ya yi ja, aka sayar aka zuba a gidauniya. Ban yi ƙorafi ba, aji ne na 'ya'yanmu.

Yarinyar nan kuwa ta shiga gasar kacici-kacici. Makonni tana bita a tsakar gida, ƙanwarta na yi mata tambayoyi. Ni ina bakin murhu kamar ba na ji, alhali har na haddace rabin amsoshin. In ta yi kuskure in tsayar da muciya, in ta faɗa daidai in ci gaba da tuƙin tuwona. Na ɗinka mata sabon hijabi na ba ƙanwarta ta kai mata, na ce a ce daga Inno ne.

Ranar biki na zauna a rumfar mata, Inno a damana, yayyen mai gidana da suka zo daga Kambaza a haguna. Yarinya ta kayar da kowa, har 'yan aji uku. Ashe tsarin da suka yi shi ne, duk yaron da ya ci, mai lasifika zai kira uwarsa ta hau ta miƙa masa kyautar da hannunta, a ɗauki hoto, sannan ta faɗi abin da za ta ƙara a gidauniya da sunan ɗanta. Uwayen da aka kira kafin ni duk sun hau, wasu har da rungumar yaransu. Da aka zo kaina, mutumin nan ya kira, ya sake kira, har ya yi barkwanci wai ko uwar ta tafi sayen zoɓo ne. Wallahi ƙafafuna sun ƙi. Ta yaya zan tashi a gaban uwar mijina in yi taƙama da 'yar fari? Na ja mayafi na sunkuyar da kai. Yarinyar tana tsaye tana leƙen rumfarmu, har malamarsu, Malama Sharifa, ta karɓi kyautar ta ba ta.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Can aka yi tseren buhu na 'yan firamare, autana Muzzammil ya zo na uku. Na uku fa, Gwaggo, cikin yara biyar, biyun ma faɗuwa suka yi. Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba. Na hau na miƙa masa kofin robarsa, aka ɗauke mu hoto ina ta washe baki. Sai da na juyo na ga yarinyar tana kallona daga layin waɗanda suka ci.

Tun ranar ba ta yi mini rashin kunya ba. Tana gaishe ni, tana aikinta. Kyautar dai tana cikin ledarta a ƙarƙashin gado, ba ta buɗe ba. Yanzu ita aka zaɓa ta wakilci makarantar a gasar makarantu da za a yi a Kalgo Asabar ta sama. Shekaranjiya Malama Sharifa ta zo har gida ta shaida mini yarinyar ta ce ta janye, a ba wanda ya zo na biyu. Da ta matsa mata da tambaya, sai ta ce ita ba ta son ta sake tsayawa a gaban jama'a ana neman uwarta. Babanta ya ce zancen banza ne, zai sa ta a mota ko tana so ko ba ta so. Ni kuwa maganar ta hana ni sukuni. Ina tsoron ta rasa wannan dama, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, kada ta girma tana ganin ƙaninta nake so ban da ita. Amma in na tashi a Kalgo, da wane ido zan dubi Inno? Me zan yi?

Taki,
Uwar 'Yar Inno, Gwandu.

AMSA

'Yar'uwa, amin wa alaikis salam. Na karanta wasiƙarki na yi dariya a wajen tseren buhu, daga nan kuma dariyar ta ɗauke.

Ba zan ce miki kunyar ɗan fari shirme ba ce. Tarbiyya ce ta kawaici, kuma da ita ake nuna wa dangin miji cewa ɗan nasu ne. Ba ki zauna don ƙiyayya ba, duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ya san haka. Sai dai ki duba bambancin zamaninki da nata. Lokacin da mahaifiyarki take kawar da kai daga gare ki, uwayen ƙawayenki ma haka suke yi, don haka ba ki ji an ware ki ba. Ita kuwa ɗiyarki ta ga uwar kowa ta hau, tata ta zauna, sannan ta ga wannan uwar ta yi wa ƙaninta guɗa a kan kofin roba. Yarinya mai irin shekarunta abin da idonta ya gani za ta ɗauka. Hijabin da kika ɗinka Inno ta sha godiyarsa, bitar da kika saurara kuma ba wanda ya sani sai ke. A wurinta, ina shaidar son?

Ki fara da mai gidanki. Ki roƙe shi ya bar zancen tilas. Za a iya sa ta a mota, amma ba za a iya buɗe mata baki a gaban alƙalan gasa ba.

Sannan ki yi magana da ita, ku biyu. Na san haɗa ido zai yi miki nauyi, to ki kira ta ki yi mata kitso. Tana zaune a gabanki, ta ba ki baya, ki faɗa mata dalilin zamanki ranar nan, ki faɗa mata wanda ya ɗinka hijabin. Ki ce kin ji daɗin nasararta, da waɗannan kalmomin, ba da habaici ba. Al'ada a gaban mutane ta hana ki, ban san inda ta hana uwa magana da ɗiyarta a cikin ɗaki ba. Kada kuma ki haɗa zancen da Kalgo a wannan zama, don kada ta ɗauka lallashi ne kawai na ta koma gasa.

Batun Inno, ina ganin kin yanke mata hukunci ba ki tambaye ta ba. Ki je ki durƙusa ki gaya mata halin da jikarta take ciki, ki nemi ta yi miki izini, ko ma ku hau tare in an kira. Tsohuwar da ake kiran yarinya da sunanta da wuya ta so a bar ta tsaye ita kaɗai. In ta ƙi, kin dai fita haƙƙinta, kuma tashi tsaye a rumfa ba zagin kowa ba ne. Ba sai kin ambaci suna ko kin yi guɗa ba.

Makarantar ma tana da nata laifin. A taron iyaye na gaba ki sa a tayar da maganar, cewa a riƙa sanar da iyaye tsarin biki tun da wuri, kuma a raba kyautar yaro da kiran gudummawa. Akwai marayu a ajin nan, akwai kuma uwayen da abin da za su faɗa a lasifika ne ba su da shi.

In bayan duk wannan ta ce ba za ta Kalgo ba, ki ƙyale ta, akwai gasar baɗi. In kuwa ta amince, ki tafi, ki zauna inda za ta hango ki. Kuma ki shirya wa abu guda: a Kalgo za ta haɗu da gwanayen wasu makarantu, mai yiwuwa ba ta ci ba, ba wanda zai kira ki. Ranar ce tashinki zai fi amfani. Ko ta zo ta ƙarshe, tana saukowa ta tarar da ke a tsaye kina jiranta.

Allah Ya shirya miki zuri'a, Ya sanyaya zuciyar ɗiyarki, Ya ba ki ƙarfin ƙafa.

Gwaggo Tasalla.