Jar Kuɓewarka Ta Fito a Gidan Kowa

Zuwa ga mahaifina, Malam Hammadu mai garka, na unguwar Kolere.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifinta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu dai muna nan lafiya. Jikarka Dija ta shiga aji ɗaya, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ƙaninta Sadiƙu ya daina cin ƙasa, ya koma tsinke furen kabewa. Damina ta yi kyau bana, hanyar unguwa kuma ta lalace kamar yadda ka san ta.

Na gama gaisuwa, Baba. Yanzu zan faɗi abin da ya zaunar da ni rubutu, kuma a fili zan faɗe shi inda kowa zai karanta, tunda kai ma kowa ka gaya wa zancenka, ni kaɗai ka tsallake. Fushi nake yi da kai. Wata bakwai da rasuwarka, mutane suna ganina suna cewa na yi haƙuri, alhali cikina tafasa yake yi.

Ka san yadda muke. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naka. Kullum da safe kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, in miƙo maka koko da yaran nan biyu, in tarar da kai a garka ka naɗe ƙafar wando, kana faɗa da kajin maƙwabta. Dija ce amaryarka, haka kake kiran ta, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta son tsoho mai ƙasa a gemu. Ka yi mata 'yar fartanya daidai hannunta. Ka koya mata bambanta rama da yakuwa tun suna ganye biyu, abin da ni uwarta har yau sai na ɗanɗana. In na dawo da azahar na tarar da su buɗu-buɗu, in yi ta mita, kai kuma ka ce, "Malama, sabulu aka yi don yara, ba yara don sabulu ba."

Cikin duk abin da ke garkar nan babu wanda kake ji da shi kamar jar kuɓewa. Karanta ja, 'ya'yanta ja, doguwa kamar yatsan babban mutum, ga yauƙi ko an busar da ita. Ka ce mahaifiyarka ce ta zo da irin daga Kwaja a bakin zane, ba a sayar da shi a kasuwar Mubi. Duk kaka sai ka bar na ƙasa-ƙasa su bushe a jikin kara, ka fasa, ka gauraya da toka, ka ɗura a gora ka toshe da totuwa, ka rataye a ɗakinka. Mutane nawa suka roƙe ka irin nan ka hana? Ka ba mutum kwano guda na ɗanyar ya yi miya, amma ƙwaya ɗaya ta iri, ina! Har tsokanarka nake yi in ce rowar iri za ta hana ka shiga sahun gaba.

Da bazara ta kama, ka ce za ka je Yola wurin yayana Hamma Usmanu a duba maka cikin nan da ke damunka. Ka ce ba wani abu ba ne, gyambon ciki ne, sati biyu ka dawo. Na yarda, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba.

Ana gobe za ka tafi, Dija ta kafe sai ta bi ka. Sai ka ɗauko tsohon baho, kuka cika shi da ƙasa da taki, kuka yafa irin alayyafo. Ina tsaye ina jin ka. Ka ce mata, "Amarya, ki riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kafin ya isa miya na dawo, ke za ki dafa mini." Ta sa ka rantse, ka yi dariya ka ce ai ango ba ya yi wa amarya ƙarya.

Ni kuwa ka tuna sallamar da na yi maka? Na makara, ina jan Sadiƙu da hannu ɗaya, jaka a ɗaya hannun. Daga bakin ƙofa na ɗaga murya na ce Allah ya kiyaye hanya, kuma don Allah a taho mana da busasshen kifi. Ko shigowa ban yi ba. Ka ce to. Maganata ta ƙarshe da kai ido da ido ke nan a duniya, saƙon kifi.

Sati biyu suka wuce. In na kira waya, ka ce da sauƙi, likita ne ya ƙara kwanaki. A sati na uku Hamma ya kira ni ina cikin aji. Kafin in samu mota an riga an kai ka.

Na gaya wa Dija cewa Kaka ya rasu, ta ce a'a, ya ce zai dawo. Ta ci gaba da ba alayyafo ruwa. Ya isa miya, ta hana kowa taɓawa. Ya yi tsawo ya wuce ta, ya yi fure, ya zubar da 'ya'ya, ganyen ya yi tauri. Wata rana na dawo na tarar ta tumɓuke shi da kanta ta jefa wa awaki, ta kife bahon. Ba ta yi kuka ba. Daga ranar ba ta sake taka garka ba, fartanyarta tana nan inda ta yar.

Kuma ta zo da wata tambaya da take yanka ni kullum. In na ce zan dawo da azahar, sai ta ce, "Da gaske, ko kamar yadda Kaka ya ce?" In ubanta ya ce zai kai ta kasuwa ranar Laraba, tambayar ke nan. Yarinya 'yar shekara shida, Baba, ta daina yarda da maganar manya. Duk da haka ina kare ka. Ina ce mata Kaka bai sani ba, mutuwa ba ta sanarwa.

Da ruwan farko ya sauka, na ce bari in shuka kuɓewarka ko Dija za ta dawo garka. Na sauko da gora, na zare totuwa, na zazzage a faifai. Toka zalla. Na girgiza, na leƙa, na tankaɗe tokar da rariya, ko ƙwaya ɗaya babu. Na zauna a ƙasan ɗakinka na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarka. Na ɗauka ƙwari ne suka cinye saboda sakacina. Wata biyu ina zagin kaina, ina cewa irin da ya rayu a hannun kakata da hannunka, a hannuna ya mutu.

Da damina ta yi nisa, masu keke-napep suka daina shigowa unguwa saboda taɓo, na koma zuwa makaranta a ƙafa ta lunguna. A nan na fara gani. Bayan dangar gidan mai gyaran babur, jan kara ya leƙo. Na ce idona ne. Gaba kaɗan, gidan liman, ga shi nan. Gidan masu shanu na bakin rafi, ga shi nan jere. Kafin in kai titi na ga gida bakwai. Jar kuɓewar da ka hana kowa shekara da shekaru ta fito a gidan kowa, ban da gidanka.

Da yamma na shiga wurin Mama Rifkatu, tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar Michika, ƙawar marigayiya mahaifiyata, Dada. Na tarar da ita tana tsinka a kwarya. Tana ganin inda idona ya tsaya, ta ajiye kwaryar ta kama hannuna. Ta ce da irin Hausarta ta 'yan Michika, "Fadi, zauna. Baban ka ya zo nan da kansa, sati ɗaya kafin ya tafi. Ya ce likita ya gaya masa tun bara, ciwon ba na warkewa ba ne. Ya ba ni iri a tsumma, ya ce in yafe masa in ya taɓa ɓata mini. Haka ya bi gida-gida." Na ce, ni fa? Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ya ce kada kowa ya gaya wa Fadi. Ya ce Fadi ba zai iya ɗauka ba."

Ba zan iya ɗauka ba. Ni, Baba? Wa ya yi jinyar Dada wata biyar, yana juya ta yana wanke ta? Wa ya rufe mata ido lokacin da kai ka kasa shiga ɗakin? Shekara tara ina dafa maka tuwo, na san ranar da ka ci loma uku da ranar da ka ci biyar. Ashe duk shekarar nan da nake yi maka faɗa kan ba ka cin abinci, ka san dalili kana kallona. Hamma ya sani, na kira shi ya amsa da bakinsa. Liman ya sani. Mai gyaran babur, wanda kuke faɗa kullum a kan kaji, shi ma ya sani. Duk suka zo mini ta'aziyya suka zauna a tabarmata, suna cewa abin ya zo ba zato.

Ka nemi yafiyar unguwa kaf, ba ka nemi tawa ba, kuma ba ka ba ni damar neman taka ba. Da ka gaya mini, ba zan hana ka tafiya ba. Hutu zan ɗauka in bi ka. Ko ban bi ka ba, da safiyar nan zan shigo in durƙusa a gabanka in ce Baba ka yafe mini tsiwata da mitata. Kai kuma ka dafa kaina. Minti biyar ya isa. Ka hana ni minti biyar, ka bar ni da saƙon kifi.

Kuma abin da ya fi ci mini rai, ka sa ni yi wa 'yata ƙarya ban sani ba. Wata da watanni ina rantse mata cewa Kaka bai sani ba, ashe ita ce mai gaskiya.

Mama Rifkatu ta ƙara gaya mini abu ɗaya. Ta ce ka ce musu, shekarar da aka yi rashi gida ba ya samun hankalin shuka, iri kuma in ya daɗe a gora mutuwa yake yi. Don haka kowa ya shuka, in ta bushe ya mayar wa jikokinka. To, albishirinka, dabararka ta yi. Tun makon jiya suke ta sallama, wannan da ƙulli, wancan da gwangwani. Gorar ta cika har na nemo ta biyu. Ina karɓa ina godiya, amma ban iya haɗa ido da su ba tukuna. Ka yi wa kuɓewa tanadi mai kyau, Baba. Mu ne ba ka yi wa ba.

Shekaranjiya na shimfiɗa tabarma a bakin garka ina fasa busassun, Dija tana tsaye daga nesa. Na kira ta, na ce zan gaya mata wata magana. Na ce, Kaka ya san ba zai dawo ba. Tsoron kukanmu ya ji, sai ya faɗi abin da ba haka ba ne. Bai kyauta ba, kuma ni ma ina jin haushinsa. Sai ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da ta kife baho, ni ma na taya ta. Sadiƙu ya ga muna yi, shi ma ya kama nasa bai san dalili ba.

Da muka gaji, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ce, in mun shuka za ta fito? Har na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai na tuna da kai. Na ce ban sani ba, Dija. Wasu za su fito, wasu ba za su fito ba, sai mun gwada. Na jira tambayar nan tata, ba ta yi ba. Ta je murhu ta ɗebo toka da hannunta, ta zauna tana gaurayawa yadda ka koya mata.

Baba, ba ka nema ba, amma na yafe maka, don ba na so wani haƙƙi nawa ya tsaya maka a can. Fushin ne ban gama ba, kuma ba zan ce maka na gama ba, gidan nan mun daina irin wannan. Ina kewarka. Kullum da safe sai na dama koko ya yi yawa.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya haɗa ka da Dada a Aljanna, ya ba ka lambun da ba ya bushewa. Allah ya raya jikokinka bisa gaskiya, ko da mai ɗaci ce. In Allah ya haɗa mu, ka shirya, sai na gama faɗana sannan in durƙusa in nemi yafiyar da ka hana ni nema.

Taka, wadda da ka gaya mata da ta ɗauka,
Fadimatu
Kolere, Mubi