Gidan Mahaifina na Jurf da Lissafin Watan Zulƙida

Zuwa ga Mai Girma Mudirin kamfanin rancen gidaje da ke unguwar Bani Harisa, Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ɗa ne ga Malam Tanimu mai sayar da harami a miƙatin Bi'ir Ali, wanda kuka aiko wa takardar ya fita daga gidansa kafin Ramadan. Na kammala digiri a fannin Shari'a da daraja mai kyau, saboda haka ba zan yi magana da ka ba. Kwafin Larabci yana ofishinku. Wannan na Hausa domin 'yan'uwanmu ne, su karanta kafin su dangwala yatsa.

Na ɗaya. Wakilinku ya zo tantance samun mahaifina a ƙarshen Zulƙida, lokacin da motocin alhazai suke cika miƙati har ba wurin taka ƙafa. Ya zauna kwana uku a rumfarsa, ya ga ana wawar harami da silifa, ya rubuta cinikin a matsayin na kowane wata. Duk mai shan ruwan Madina ya san sana'ar harami ta wata biyu ce, sai ɗan abin da masu Umara suka kawo. A Safar mahaifina yakan wuni yana kaɗe ƙura daga kayansa. Haifaffen garin nan ne wakilinku. A ce bai san haka ba? Hankalina ya ƙi karɓa.

Na biyu. Mahaifina ya nemi abin gina ɗaki uku. Wakilin ya ce masa ai yanzu zamanin kuɗin fetur ne, kowa bene yake yi, ya ninka masa rancen, aka riƙe takardar filin jingina. Tsoho yana karanta Alƙur'ani, amma Larabcin kwangila ba nasa ba ne, kuma ba a kira tafinta ba. Da ya ce a jira ɗansa ya dawo daga jarrabawa, aka ce tayin ba zai kai gobe ba. Malamanmu suna kiran wannan tafriɗi, wato sakaci mai wajabta lamuni, in ma ba garari ba ne tsagwaronsa, wato yaudara a ciniki.

Na uku, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mako biyu kafin takardarku ta iso, mahaifiyata ta ga wani mutum yana auna katangarmu da igiya. Na bincika, ashe surukin wakilin ne, dillalin filaye. Wa ya sanar da shi za a ƙwace gidan? Ko kuwa tun ranar da aka zauna a rumfa, filin ake kallo?

Ban musa bashin ba. Mahaifina ya sayar da keken ɗinkinsa ya biya na wata takwas ba fashi, kafin ya gaza. Amma wanda ya ɗora wa mutum abin da ya san ba zai iya ɗauka ba, yana da rabonsa na alhaki.

Buƙatuna su ne a janye takardar korar, a mayar da biyan ya zama shekara-shekara bayan aikin Hajji, kuma a binciki wakilin da surukinsa. In ba haka ba, za mu haɗu gaban alƙali.

Allah Ya ƙara wa Mudiri lafiya, Ya tsare shi daga cin haƙƙin maƙwabtan Manzo. Ina kuma gayyatarsa rumfar mahaifina ya yi lissafi da kansa, amma a watan Safar.

Wassalam.

Abdulhadi Tanimu, Jurf, Madina.