Abin da Ya Kashe Baffa Milutin

Zuwa ga Goggo Radmila,

Gaisuwa mai yawa daga Novi Sad, da fatan kina lafiya, gwiwar nan ta lafa. Allah ya ƙara miki sauƙi da tsawon rai. Mama lafiya lau, ta gama dafa barkonon ajiya na bana, gidan duk hayaƙi, ta ce har yau ba ta ga mai hannunki ba. Na turo wannan ta wayar ɗanki Goran ne don ya karanta miki a hankali, tunda kunnenki da waya ba sa shiri.

Goggo, 'yar uwata Tijana za ta yi gyaran hanci. Hancin gidanmu ne dai, wanda ke riga mu shiga ɗaki. Na yi mata tsiya, ta ce ni da digirina na koyi zama da nawa, ita kuwa ta gaji. Shekaranjiya na raka ta awon da ake yi kafin aiki. An ɗebi jini, an auna zuciya, komai ƙalau. Sai likitan da zai sa ta barci ya tambaya ko a danginmu akwai wanda allurar barci ta taɓa ba wahala. Tijana ta ce babu, ko ido ba ta ƙifta ba. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tun muna yara abin da muke ji shi ne promaja, wato iskar da ke ratsa ɗaki, ita ce ta kashe ƙanenku, Baffa Milutin: an yi masa aikin ciki, wata nas ta bar taga da ƙofa a buɗe, iska ta ratsa shi. Ni da nake wa Mama dariya in ta toshe taga a tsakiyar zafi, ban taɓa tsayawa na tambayi yadda iska ke kashe saurayi mai ƙarfi a wuni ɗaya ba.

Na ba likitan labarin da wasa, don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye alƙalami ya tambaya ko jikin Baffa ya yi zafi sosai, ko ya sandare. Ya ce akwai wata larura da ake gado, mutum yana lafiyarsa ƙalau, gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna ta, sai an sa shi barci jiki ya ɗau zafin da ba ya sauka. Ya ce ba zai taɓa Tijana ba sai an bincika.

A mota Tijana ta wanke ni tas. Ta kira ni malama sarkin sani, ta ce baƙin ciki nake yi kar ta bar ni ni kaɗai da hanci. Mama ta goya mata baya, wai kowa ya san iska ce, likitocin yanzu tsoro ya yi musu yawa. Jiya kuma na ji ta samo wani asibitin kuɗi a Belgrade, sun ba ta ranar Alhamis. Ta ce wannan karon ita kaɗai za ta je, kuma ba wani Baffa da za ta ambata.

Ke ce kike asibitin a ranar da aka yi wa Baffa aiki, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka gan shi. Don Allah ki tuna: da aka fito da shi, jikinsa ya riga ya yi zafi? Me likitoci suka ce wa Kaka kafin a fara zancen taga? In ma don a sanyaya mata rai kuka faɗi haka, ba mai ganin laifinku. Amma ki daure ki kira Tijana da kanki kafin Alhamis. Ni ta daina ɗaga wayata. Taki ba za ta iya ƙi ba.

Ki gaida Goran da matarsa Slavica da yara. Mama na gaishe ki, ba ta san na rubuto ba.

Taki,
Biljana