Littattafan da Ka Ce a Ba Mai Tsire

Zuwa gare ka Malam, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, ƙamshin ƙasata bayan yayyafi. Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Na san ba idonka ne zai bi waɗannan layuka ba, ƙanwarka Salwa ce za ta karanta maka. Salwa, don Allah ki karanta a hankali, kada kunya ta sa ki tsallake ko kalma ɗaya. Ni ma sai da na haɗiye tawa kafin na ɗauki alƙalami.

Saƙonka ya same ni daga Ngaundere, ya sauka a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Ka ce tunda likitocin lopital, wato asibiti, sun tabbatar ciwon suga ya tafi da ganinka, ba za ka dawo unguwarmu ta Birik a nan Yawunde ana jan ka da sanda ba. Ka ce a kwashe littattafanka a ba Yuguda mai tsire ya riƙa naɗe nama. Ka kuma ce in na gaji da jira in faɗa, a sawwaƙe mini. Malam, wace bishiya ce take tambayar ƙasa ko ta gaji da saiwa? Yaushe hadari ya taɓa neman gafarar gona?

Ban saba musa maka ba, shi ya sa na sauke su daga kanta. Amma ka san ni da makarantar allon da ta raine ni: takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta naɗe nama, ba ta faɗawa kwata. Sai na ce bari in bi su shafi-shafi da almakashi, in yanke duk inda sunan ya fito, sauran in aika. Na zauna a kan tabarmar nan tamu, da ɗan bokon da ka koya mini, ina bin layi da yatsa. Ashe ba a neman kalma a littafi ba tare da littafin ya kama mutum ba. Damina ta yi nisa, jar ƙasar Yawunde ta zama taɓo, almakashi na nan a gefe bai ci komai ba, ni kuwa na karance na Hausar kusan duka. Na Faransanci ban iya ba, sai dai in nemi kalmar nan mai harafi huɗu da ka taɓa nuna mini ka ce ita ce sunan Allah a yarensu. Su ma ga ta nan birjik.

Ka tuna zamanmu na bayan la'asar? Hayaƙin tukuba na shigowa ta taga, taksi na ta oda a titi, ina ɗinkin hula kana karanta mini, kana sauya murya in sarki zai yi magana. In ce maka ƙagaggen labari ƙarya ce da aka yi wa kwalliya, ka yi dariya har tabarau ya zame maka. To, yanzu na karanta da kaina, kuma ina da ta cewa, ga shi babu mai ji. Littafin tarihin fataken goro da kake ji da shi, gaskiya ne, amma gaskiya ce busasshiya: ya lissafa madugai da zango-zango, bai ko tambayi wadda ta daka musu guzuri ba. Na likitan nan da ya yi bayanin cututtuka ya amfane ni, na san abin da zan dafa maka da abin da zan hana ka. Labaran soyayyar, rabinsu har gobe ƙarya ce mai kwalliya, ban janye ba. Sauran rabin kuwa, Malam, wa ya gaya wa mutanen nan abin da ke cikin ɗakina?

Wa zan faɗa wa? Maƙwabta sukan ce sannu da karatu, su wuce. Ina gama shafi in ɗaga kai in yi gardama, sai in ga kujerarka. Ra'ayin da ba a faɗa wa kowa ba kamar mangwaro ne da ya nuna a kangon gida, ya faɗo, ya ruɓe, ko tsuntsu bai sani ba. Wayyo ni, Malam, gidan ya yi mini yawa.

Saura guda ɗaya, mai koren bango, wanda muke ciki ciwon ya tashi. Labarin mai kwalekwalen da ruwa ya cinye masa komai, ya ƙi komawa gida don kada matarsa ta gan shi a haka. Ka ce jarumi ne. Ni na sake bin sa tun daga farko, kuma ina jin tsoron Allah in yi wa bawansa mummunan zato, ko da ƙagagge ne, amma ban ga jarumta ba. Ya yanke hukunci a kan zuciyar da ba tasa ba. Ya tambaye ta? Na tsaya daidai inda ka lanƙwasa kusurwar shafi, ban wuce ba, ba kuma zan wuce ni kaɗai ba.

Shekaru kana yi mini ido a kan boko, ban ji ka ce ka gaji ba. Me ya sa da layi ya zo kaina za ka hana ni ladan? Karatuna na da gargada, ka gyara mini da ka. Ka hau jirgin ƙasa, hasken raina, zan tare ka a tasha, kuma ba sanda za ka riƙe ba, hannuna ne. Mu ƙarasa shi tare bayan la'asar. In marubucin ya mayar da mai kwalekwale gida, na yarda ka fi ni sanin littafi. In kuwa ya bar matar tana kallon kogi, wannan ɗaya da kaina zan kai wa Yuguda, bayan na yanke sunayen Allah.

Maganar sawwaƙewa kuma kada a sake kawo mini ita. Ina nan inda ka lanƙwasa ni.

Taka a gani da rashin gani, har ranar da za a naɗe mu,
Karimatu